Maigida yana son mota mai ɗaki, ni kuma 'yar ƙaramar motar lantarki

*Assalamu alaikum Malam. Shekararmu 14 da aure, yaranmu uku, babban yana da shekara 12. Motarmu ta tsufa ta kwanta, kuɗin da muka tara kuma na mota ɗaya ne. Maigida ya ƙyalla ido ya ga wata babbar motar dizal ta hannu, ƙirar 2012, irin mai gado da wurin girki da ɗan banɗaki a ciki, ya ce ita za a saya don mu riƙa fita da yara lokacin hutu muna kwana inda dare ya yi mana. Ni ce kuwa nake tuƙi kullum: in kai yara makaranta, in wuce wurin aiki, in dawo, kimanin kilomita 40 a rana, yawanci cikin cunkoso. Shi da ƙafa yake zuwa nasa aikin. Ni ƙaramar motar lantarki nake so, kuma muna da wurin ajiye mota a cikin gida. Yau mako uku ke nan, da an ɗauko zancen sai rai ya ɓaci. Ya ce ba ni da buri, na ce ba shi da lissafi. Yaya zan yi?*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Idan mota ɗaya ce za ta tsaya a gidan nan, kuma ke ce za ki riƙa murza sitiyarinta kwana biyar a mako, motar lantarki ce ta dace da ku, bisa sharaɗi guda da zan zo kansa. Sai dai ina roƙon ki kada ki ruga da wannan amsa wurin maigida kamar wadda ta ci shari'a. Akwai abin da yake nema a bayan motar nan, kuma a kan wannan abin yana da gaskiya. Mu fara da ƙarfe tukuna, sannan mu zo ga zuciya.

Ki ɗauko kalandar bara ki ƙirga. Fitarki ta aiki da makaranta za ta kai kwana 240 a shekara. Kilomita 40 sau 240 ya kama 9,600, in aka haɗa da 'yan fite-fiten ƙarshen mako a ce 10,000. Sannan ki ƙirga dararen da ku biyar kuka kwana a wajen gida don hutu. A yawancin gidajen da miji da mata ke aiki, yara na makaranta, da wuya su wuce mako biyu ko uku. Motar da maigida ya gani an ƙera ta ne don waɗannan 'yan darare. Sauran kwanakin shekara duka, za ki riƙa jan gado da kicin da tankin ruwa da tukunyar gas zuwa ƙofar makaranta ki dawo da su.

Nauyin nan kuwa mai yake sha. Irin waɗannan motoci galibi a kan jikin motocin ɗaukar kaya ake gina su, kamar Fiat Ducato ko Ford Transit ko Volkswagen Transporter, kuma manyansu in an loda su suna kusantar tan uku da rabi. A kan buɗaɗɗen titi sukan sha lita 8 zuwa 11 a kilomita 100, cikin gari fiye da haka. Mu ɗauki lita 10: tafiyarki ta shekara za ta cinye lita 1,000. Ƙaramar motar lantarki tana cin kimanin yunit 15 a kilomita 100, wato irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa, ga tafiyar shekara yunit 1,500, a ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ke salwanta wurin caji. Ki nemo farashin litar dizal da na yunit ɗin wuta a inda kuke, ki buga da kanki, ki rubuta a takarda. Ba na son ki karɓi adadi daga bakina ko daga bakin dillali.

Amma abin da ya fi damuna da motar dizal a hannunki ba yawan shan mai ba ne, irin tafiyar da za ki riƙa yi da ita ce. Tun wajen 2009 da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki a Turai, motocin dizal suka koma zuwa da wata matata a cikin salansa, wadda makanikai ke kira DPF. Aikinta tare kunkunniyar hayaƙi. Idan ta cika, injin yakan ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ya ƙone abin da ya taru, kuma hakan yana buƙatar mota ta yi gudu a miƙe na minti 15 zuwa 20 ko fiye, ba tsayawa. To ke tafiyarki tashi-tsaya ce: a ajiye wannan yaro, a kashe mota, a tayar, a shiga cunkoso, a tsaya a danja. Injin zai fara ƙona kunkunniyar, ki kashe shi a tsakiya, gobe ya sake farawa, ki sake kashewa. Man da yake ƙara fesawa don wannan aiki wani ɓangarensa yakan gangara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi.

Wannan ba labarin ji ba ne a wurina. Na taɓa riƙe motar dizal shekara biyu ina zagaye da ita cikin gari kawai. Wata safiya wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, na share ta. Bayan kwana huɗu ina tsakiyar titi motar ta janye ƙarfinta, ina taka totur har ƙasa tana rarrafe, na baya suna ta danna mini oda. A gareji bakanike ya kwance matatar ya ajiye a gabana, ya ƙwanƙwasa ta da sifana, baƙin gari ya zubo kamar an zazzage buhun gawayi. Ya tambaye ni yaushe rabon da in hau babban titi da ita. Na kasa tunawa. Ya ce laifin ba na motar ba ne, ni ne ban taɓa barin ta ta yi gumi ba. Abin da na biya ranar ya zauna mini a rai har yau, kuma ba na so ki biya irinsa da yara uku a baya.

Ga kuma girman jiki. Mai banɗaki a ciki tsayinta yakan haura mita biyu da rabi, alhali wuraren fakin masu rufi da yawa shingensu na sama bai wuce mita biyu ba. Tsawonta mita biyar da rabi zuwa shida. Ki kwatanta kanki kina ribas da ita a layin makaranta da ƙarfe bakwai da rabi, yara ƙanana suna gilmawa ta bayanki inda madubi ba ya nunawa. Sannan shekarar ƙirarta, 2012, tana nufin ba za ta wuce Euro 5 ba, birane kuma suna ta tsuke wa tsofaffin motocin dizal hanya. A Landan, tun watan Agustan 2023 yankin taƙaita hayaƙi ya mamaye birnin baki ɗaya, motar dizal da ba ta kai Euro 6 ba sai ta biya kuɗin shiga yankin kullum ta fita. Jamus ta fara killace tsakiyar biranenta irin su Balin tun 2008, Faransa ma tana da tsarin manna wa mota takardar da ke nuna ajin hayaƙinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, hayaƙin yana cutar da lafiya: a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Ki bincika dokar garinku da ta garuruwan da maigida ke mafarkin zuwa, domin ranar da kuka tashi sayar da motar, mai saye zai bincika.

Wani zai ce to a saye ta a ajiye sai hutu, ke ki nemi wata hanyar zuwa aiki. Mota mai ɗaki ba ta son zama. Batir ya sauka, taya ta tsattsage tun ba ta suɗe ba, birki ya yi tsatsa ya kama, inshora da haraji suna tafiya ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Babban maƙiyinta kuwa ruwa ne. Duk inda aka huda rufi aka sa taga ko fanka, robar da ta toshe wurin tana tsufa, danshi ya shiga bayan katako yana ci a hankali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai sayarwa ba lallai ya faɗa ba. Motar da ta haura shekara goma sai an buɗe kabad-kabad an shinshina, an danna bango da yatsa, an sa na'urar gwada danshi.

Yanzu sharaɗin da na ambata. Motar lantarki tana da daɗi ne ga wanda zai iya yi mata caji inda take kwana. Kin ce kuna da wurin ajiyewa a cikin gida, wannan rabin nasara ne. Sauran rabin: wutar gidanku tana tsayawa da dare? Wayoyin gidan za su ɗauka? Buƙatarki ba ta da yawa. Kilomita 40 yunit shida ne, kuma a ƙasashen da wutarsu ke kan bolt 230, soket na gida yana ba da kimanin kilowat 2.3, wato awa uku ta mayar miki da abin da kika ƙona a yini. Akwatin caji na bango mai kilowat 7 zai yi shi cikin ƙasa da awa guda. Amma ki kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba soket ɗin da layinsa, don jan wuta mai nauyi na awanni a jere ba irin na tukunyar dafa ruwa ba ne da ke yin minti uku ta kashe kanta. Kada a yi jone-jone da doguwar waya mai araha. Idan kuwa wutar unguwarku ta kwana biyu ba ta zo ba abu ne da aka saba, kuma babu wurin caji a wurin aikinki, to shawarata ta canza: ku nemi ƙaramar motar fetur ko mai haɗa fetur da batir. Ko a nan ɗin ma amsar ba ta koma kan babbar motar dizal ba.

Ki lura da kujeru, don a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ku biyar ne. Dacia Spring da Fiat 500 ta lantarki mutum huɗu suke ɗauka, sun fita daga lissafinku tun kafin a yi zancen kuɗi. Renault Zoe da Nissan Leaf suna da kujera biyar, ko da yake bayan Zoe a matse yake ga yaron da ke shirin zama saurayi. Wannan tambaya ta hau kan motar maigida ma: da yawa daga cikin motoci masu ɗaki gadonsu zai kwantar da mutum huɗu ko biyar, amma kujerun da ke da bel huɗu ne kacal, wasu ma biyu. Ba a zaunar da yaro a kan benci ko gado mota tana gudu. Ki tambaye shi cikin natsuwa ko ya ƙirga bel ɗin. Mai yiwuwa wannan kaɗai ya raba gardamar ba tare da kowa ya ji an kayar da shi ba.

Tunda yara za ki ɗauka, ki duba sakamakon gwajin haɗari. A gwajin hukumar Euro NCAP na ƙarshen 2021, Zoe ba ta samu tauraro ko ɗaya ba, Spring ta samu ɗaya, alhali Leaf ta 2018 ta samu biyar. In ta hannu za ki saya, batir shi ne motar. Yawancin kamfanoni yau suna ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, a ga nawa ya rage. Ki nemi a gwada lafiyarsa a ba ki a rubuce, kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa na asali ya saura. Leaf ta tsohuwar ƙira tana nuna wannan da sanduna 12 a allonta, amma batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, don haka a ƙasa mai zafi yakan fi saurin gajiya, kuma bakin cajinta na gaggawa irin CHAdeMO ne, wanda ke ƙaranci a Turai inda CCS ya yi rinjaye. Tsofaffin Zoe kuwa, na kafin 2019, ba su da bakin CCS sam. In kin saya, a ranakun aiki ki riƙe cajin tsakanin kashi 20 da 80, kada ki bar ta a cike cikin rana tsawon kwanaki. Sauran kulawa kaɗan ce: babu juyen baƙin mai, babu salansa, babu kuloci, birki ma yana daɗewa saboda motar tana rage gudu da injinta tana mayar da wuta cikin batir. Cunkoson da ke shaƙe dizal, a nan ne ita ta fi tattali.

Ba zan ɓoye miki inda ta gaza ba, don maigida zai faɗa, kuma daidai ne. A babban titi da gudu, da mutum biyar da kaya da na'urar sanyaya ko ɗumama mota a kunne, ƙaramar motar lantarki kilomita 150 zuwa 250 za ta yi ta nemi caji, a tsaya rabin awa ko fiye, in an dace wurin yana aiki kuma babu layi. Tasa kuwa tankin lita 70 zuwa 90 ne, a cika cikin minti biyar a yi kilomita 700 ko 800. But ɗin taki akwati biyu ya cika shi. Da a ce ku masu fita ne kusan kowane ƙarshen mako, dare 50 ko 60 a shekara, kuma akwai wata 'yar mota ta zirga-zirga a gida, da na ce a bar shi ya sayi abarsa da farin ciki.

To, mu zo ga maigida. Kin ce ba shi da lissafi. Ni ina ganin ya yi wani lissafi da bai iya furta shi ba. Babban ɗanku yana da shekara 12. Dogon hutu nawa ya rage kafin ya fara cewa shi zai zauna a gida, ko ya tafi karatu wani gari? Biyar, in an yi sa'a shida. Mutumin da ke tafiya aiki da ƙafa ya dawo da yamma ya tarar yara sun gaji, ke ce kike jin hirarsu ta cikin mota safe da yamma, shi ba ya ji. Da ya leƙa cikin motar nan, ina kyautata zaton abin da ya gani shi ne ku biyar a wuri ɗaya ba mai gaggawar zuwa ko'ina. Kalmar "ba ka da lissafi" a kan wannan ta sauka, shi ya sa ta yi masa zafi. Haka ke ma "ba ki da buri" ta yi miki ciwo ne don ke kike ɗauke da wahalar kullum ba a gani. Ki fara janye taki kalmar, ko da shi bai janye tasa ba tukuna.

Abin da yake so ana samun sa ba tare da an mallaki motar ba, domin ana ba da hayar irinta. Na taɓa yin hakan da iyalina na mako guda, kuma na ga fuska biyu na abin. Kowane dare sai an kwashe jakunkuna an tula a kujerun gaba, a naɗe tebur, a jera katifu, wanda ke son fita banɗaki sai ya tsallake mutum biyu. Da asuba gilasai sun jiƙe sharkaf da tururin numfashi. Kwana biyu-biyu sai na zaro tankin banɗaki na kai inda aka tanada na juye na wanke, aikin da babu mai talla da ke ambata. Amma kuma na ga ƙaramar 'yata ta farka ta yaye labule ta ga ba inda muka kwana jiya ba ne, ta yi shiru tana kallo, sannan ta tashe mu ɗaya bayan ɗaya mu zo mu gani. Har yau tana ba da labarin safiyar nan. Ranar da na mayar da makulli na yi kewar motar, na kuma gode wa Allah da yoyonta da tsatsarta ba nawa ba ne.

Don haka ga abin da za ki kai masa, kuma ki kai shi lokacin da ba gardama ake yi ba. Ki ce kafin a taɓa kuɗin nan, ku yi hayar mota mai ɗaki, mai bel biyar, a hutu mafi kusa. Ku karɓe ta kwana biyu kafin tafiya, ki yi zirga-zirgarki ta kullum da ita yana zaune a gefenki, ya ga layin makaranta da wurin fakin ɗin ofishinku da idonsa. Gani ya kori ji. Ita ma motar lantarkin ki nemi a ba ki gwaji na yini ɗaya ko biyu, shi ya tuƙa. Idan za ku kwana a ta hayar, ki tabbatar akwai na'urar da ke ƙara in iskar guba ta gas ko hita ta taru, don iskar ba ta da wari, kuma kada a toshe ƙofofin shan iska saboda sanyi.

Sannan ki yi masa alkawari mai ƙwari, wanda zai gani a rubuce. Bambancin da kika samu tsakanin lita 1,000 da yunit 1,650, da rarar inshora da gyara, ba za a bar shi ya narke cikin hidimar gida ba. A buɗe masa asusu daban, duk wata a zuba, sunansa kuɗin tafiya. A farkon kowace shekara a zauna da kalandar makaranta a kewaye ranakun, a biya kafin alƙalami na haya tun da wuri, don abin da aka ce "wata rana" shi ne abin da yake tsoro. In bayan shekara biyu kuka ga kuna haya har kuɗin ya fara kama na saye, sai a sake zama, a lokacin kun san girman da ya dace da ku da tsarin gadon da ba ya sa yara faɗa.

Tafiyar farko ki bar shi ya zaɓi inda za a je, ki kuma ce ya zauna da babban yaron su fitar da hanyar tare.